Yadda Ake Tayar da Injin Wanki Mai Feshi Bayan Ya Sha Ajiyar Hunturu

A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa, irin su Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai, injin wanki mai feshin ruwa da ƙarfi hutu yake yi a hunturu. Wajajen Nuwamba ake tura shi lungun gareji, ba mai sake waiwayarsa sai Maris ko Afrilu. Ranar da aka fito da shi kuwa sai a yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, ko tari bai yi ba. Wani zai tashi, amma da an buɗe cok, abin da ke rage iskar da inji ke shaƙa wajen tayarwa, sai ya mutu. Wani kuma zai tashi lafiya lau, ruwan ne dai ba ƙarfi.

Mu ma abin bai bar mu ba. Injinan na hannu da ake shigowa da su daga waje, waɗanda masu wankin mota ke saya, da yawansu sun kwana a irin wannan ajiya kafin a loda su a kwantena. Ban da haka, duk injin fetur da aka jingine wata uku ko huɗu da mai a cikinsa, a Toronto ne ko a Maraɗi, ciwo ɗaya yake kamuwa da shi. Ɓarnar ƙanƙara ce babban abin da ya bambanta mu da su.

Abin da za ka riƙe tun farko shi ne na'urar nan abu biyu ce aka haɗa: ƙaramin inji mai silinda ɗaya, da famfon da ke matsa ruwa. Kowanne da ciwonsa, amma ciwon ɗaya yakan yi kama da na ɗayan. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayi sabuwar kafireta, wadda ke gauraya fetur da iska, alhali famfo ne ya cije. Ka gano mai laifin tukuna, sannan ka ɗauki sifana.

Bayanin da ke tafe ya fi dacewa da injin Honda GX160 da GX200, da na China da aka kwaikwaya daga gare su, waɗanda ake rubuta wa 168F ko 6.5HP a jiki. Su ne suka fi yawa a kasuwa. Inda injin kamfanin Briggs & Stratton ya sha bamban zan faɗa.

Kayan aiki da wurin aiki

Sifana mai lamba 10, sifanar fulogi, sukundireba mai faɗin baki, filaya, kwalbar da ake ganin abin da ke cikinta, tsumma, gwangwanin feshin wanke kafireta, sabon fetur, baƙin mai, da ɗan guntun wayar lantarki da za ka zare sili ɗaya na tagulla daga cikinta. Wayarka ma kayan aiki ce: duk abin da za ka kwance, ɗauki hotonsa tukuna.

A fili za ka yi aikin, nesa da murhu da mai shan taba. Kada ka tayar da injin cikin ɗaki ko gareji ko da ƙofa a buɗe take, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba da ba a jin warinta, kuma tana kisa. Duk lokacin da hannunka zai shiga jikin injin, zare hular fulogi.

Mataki na 1: duba da ido kafin ka ja igiya

Buɗe murfin filtar iska. A ƙasashen sanyi ɓeraye kan yi sheƙa a nan, da kuma cikin murfin da ke rufe fankar injin, har su ci waya. A wajenmu zanzaro ne ke cika bakin salansa da ginin laka. Injin da salansarsa ta toshe ba zai tashi ba, in ma ya tashi ba shi da ƙarfi. Filtar takarda in ta yi baƙi ko ta jiƙe da mai, canza ta. Ta soso kuwa a wanke da ruwan sabulu, a bari ta bushe sarai, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a matse.

Dubi tiyon fetur, lanƙwasa shi ka gani ko ya yi tsatstsage. Dubi ƙasan na'urar ko akwai tabon mai. Sannan ka zagaya kan famfon da yatsa kana neman tsaga.

Mataki na 2: baƙin mai

Ajiye na'urar a wuri mai daidai. Cire ma'aunin mai, goge shi, mayar da shi ba tare da ka ɗaure ba, ka sake cirowa. A GX160 da GX200 man yakan kai bakin ramin zubawa, kuma abin da suke ci bai wuce lita 0.6 ba.

Wannan dubawar ba ta al'ada ba ce kawai. Yawancin waɗannan injina suna da na'urar da ke yanke wutar fulogi in mai ya yi ƙasa. Ragin da bai kai rabin kofi ba ya isa ya hana inji tashi, haka ma in an ajiye shi a gangare. Mutane da yawa sun kwance kafireta a banza saboda wannan.

Shinshina man kuma. In yana warin fetur, ya tsinke, ko ya haura yadda ka bar shi, to allurar kafireta, wadda ke rufe shigar fetur in kofin kafiretar ya cika, ta yi yoyo lokacin ajiya, fetur ya gangara cikin injin. Kada ka tayar da shi a haka. Juye man, ka zuba sabo, 10W-30, ko SAE 30 a wurin da ake zafi. Amma ka sani in ba ka gyara allurar ba, gobe ma haka za ka tarar.

Mataki na 3: fitar da tsohon fetur

Nan ne yawancin matsalar take. Fetur ba ya jure ajiya. Cikin wata guda ya fara lalacewa: ɓangarensa mai saurin kama wuta ya tsere ya bi iska, abin da ya rage ya yi ta kauri har ya zama wani danƙo kamar ƙaro, ya manne a ƙananan ramukan kafireta. A Amurka abin ya fi muni, domin yawancin fetur ɗinsu an gauraya shi da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol, shi kuwa yana jan danshin iska. In ruwan ya yi yawa sai ya rabu da fetur ya kwanta a ƙasan tanki, daidai inda injin ke zuƙa, ya kuma ci ƙarfen kafireta.

Rufe makullin fetur. A ƙasan kafireta akwai ɗan kofin ƙarfe mai noti biyu: ɗaya a tsakiya da ke riƙe da kofin, ɗaya a karkace a gefe, shi ne na tsiyayewa. Tara kwalba, kwance na gefen, sannan ka buɗe makullin fetur ka bar tankin ya tsiyaye kaf. Ajiye kwalbar minti kaɗan ka duba. In launin ya koma ja-ja, warin ya yi tsami irin na tsohon fenti, fetur ya mutu. In ka ga wani ruwa ya kwanta daban a ƙasa, ruwa ne ya shiga.

Ƙarƙashin makullin fetur na injin GX akwai wani ƙaramin kofi da ke tara datti. Kwance shi, wanke shi, ka kula da zoben robar da ke bakinsa kada ya faɗi. Haska cikin tanki da tocila. Tsatsa kaɗan ana iya ɗauraye ta da sabon fetur, amma in tana ɓarewa ɓawo-ɓawo, ko dai ka canza tankin ko ka yi ta wanke kafireta kowane mako.

Kada ka zuba sabon fetur a kan tsoho da sunan za su gauraya. A tankin mota mai lita hamsin ana iya tsira da haka, a tankin lita uku ba a tsira.

Mataki na 4: haɗa ruwa, sannan ka gwada

Ba a tayar da wannan na'ura babu ruwa, ko na ɗan lokaci ne. Ruwan ne ke sanyaya robobin famfo, in babu shi nan da nan suke ƙonewa. Duba 'yar rariyar da ke bakin shigar ruwa, cire ta ka wanke. Haɗa tiyo, buɗe ruwa, cire kan feshi daga bindigar fesa ruwan, ka danne kunamar bindigar har ruwa ya riƙa fita sumul ba tare da tofar da iska ba. Masu jan ruwa daga duro ko tanki su ɗaga shi sama da injin, tiyon ya zama gajere mai faɗi, domin ƙananan famfunan nan suna shan wajen lita 8 zuwa 10 a minti ɗaya, kuma ba su iya zuƙo ruwa daga ƙasa da kyau.

Yanzu buɗe fetur, jira minti ɗaya kofin kafireta ya cika, kunna makunni, rufe cok, tura totur wajen rabi ko sama. Danne kunamar bindiga da hannu ɗaya, bakinta na kallon ƙasa nesa da ƙafarka, ko ka ba wani ya riƙe. Ja igiya a hankali har ka ji ta yi tauri, sannan ka fizga.

Danne bindigar nan yana da dalili. Kowane jan igiya famfo ma juyawa yake yi, yana tara matsin ruwa. Ja biyu ko uku sai igiyar ta ƙage, mutum ya ɗauka inji ne ya cije, alhali ruwa ne ya rasa hanyar fita.

In igiyar ta ƙi jawuwa ko da an danne bindiga, kada ka yi mata ƙarfi. Kashe makunni, cire fulogi, kawar da wayarsa gefe, ɗora tsumma a bakin ramin ka ja. In mai ko fetur ya yi tsartuwa, silinda ce ta cika, ko don an ajiye na'urar a kishingiɗe, ko don yoyon allurar nan. Ja sau da yawa har ta bushe. In fulogi na waje amma har yanzu ta ƙi motsi, kwance notunan da suka haɗa famfo da inji ka zare famfon. Igiya ta saki? Famfo ne ya cije. Ba ta saki ba? Fistin ne ya kama da tsatsa: zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ramin fulogi, bar shi ya kwana, ka gwada juya shi sannu a hankali.

Mataki na 5: wuta ce babu ko fetur?

Igiya na jawuwa amma inji shiru. Ga gwajin da zai raba maka gardama cikin minti biyu. Cire filtar iska, fesa ɗan abin wanke kafireta a maƙogwaron kafiretar, ko ka ɗiga fetur rabin ƙaramin cokali, ka janye gwangwanin nesa, ka ja igiya. In ya tashi na daƙiƙa biyu ya mutu, wuta lafiya, matsi lafiya, fetur ne ba ya isowa. Tsallaka zuwa mataki na 6. In ko motsi bai yi ba, koma kan fulogi.

Cire fulogin ka karanta bakinsa. Jiƙaƙƙe da fetur yana nufin mai ya yi yawa ko wuta babu. Busar da shi, buɗe cok, ja igiya sau da yawa fulogi na waje, ka mayar. Baƙi mai kauri a goge da burushin waya. Tazarar bakinsa a GX milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Na Honda NGK BPR6ES ne, na China kuma galibi F7TC ko F7RTC ke zuwa da su. Fulogi ba shi da tsada, in kana shakka sa sabo kawai.

Don ganin wuta, sa fulogin a hularsa, jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin, riƙe ta wajen roba, a ja igiya a inuwa. Tartsatsi shuɗi mai ƙara ake so. In babu, ko da sabon fulogi, zare siririyar wayar da ta fito daga kwayil, abin da ke samar wa fulogi wuta, zuwa makunni ka sake gwadawa. Wuta ta dawo, to laifin makunni ne, ko na'urar baƙin mai, ko wayar da ɓera ya ci ta taɓa jiki. Ba ta dawo ba, kwayil ya mutu. Wajen ɗaura sabo, kanikawa kan sa katin takarda mai kauri tsakaninsa da maganaɗisun fulawul, faifan ƙarfen da igiya ke juyawa, don samun tazarar da ta dace, wajen milimita 0.4. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire wayar na'urar baƙin mai a bar ta haka don inji ya tashi. Ranar da mai ya ƙare, inji ne zai tafi gaba ɗaya.

In wuta na nan, fetur na nan, amma igiya na zuwa sakwaf babu wani tauri, bawul ne ya maƙale a buɗe. Danshi da danƙon fetur kan yi haka. Kwance murfin da aka rubuta wa OHV, ja igiya a hankali kana kallo. Bawul ɗin da ya sauka bai dawo ba, fesa wa sandarsa man sassauta tsatsa, ka ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba har ya fara tashi da kansa. Tunda ka buɗe, auna tazara inji na sanyi: milimita 0.15 a na shigar mai, 0.20 a na fitar hayaƙi. Tazarar in ta yi yawa igiya takan yi nauyi har ta fizge hannu.

Mataki na 6: wanke kafireta

Nan za ka zauna ka natsu, domin aikin ba ƙarfi yake so ba.

Fara da gajeriyar hanya. Rufe fetur, kwance notin tsakiya, sauke kofin. Abin da ka gani a cikinsa zai gaya maka girman aikin: ɗan ja-ja a ƙasa abu ne mai sauƙi, farin gari ko kore-kore kuwa alamar ruwa ya daɗe yana cin ƙarfe. A tsakiyar kafiretar akwai bututun da notin ya fito daga ciki. Leƙa shi daga ƙasa, za ka ga babban jet, ɗan sukurun tagulla mai tsaga da hujin da fetur ke bi. Nemi sukundirebar da ta cika tsagar daidai, domin tagulla ba ta da tauri, in bakin ya lalace fitar da shi ya zama wahala. Bayan jet ɗin akwai wani siririn bututu mai ƙananan huji a gefensa, yakan faɗo da kansa, in ya ƙi ka ɗan bubbuga. Ɗaga kowanne ka kalli haske ta cikinsa. Zura silin tagullar nan a kowane rami, fesa, ka sake kallo.

Kada ka sa allurar ɗinki ko bakin abin huda. Ramin an auna shi ne daidai, in ka faɗaɗa shi ko kaɗan inji zai riƙa shan mai fiye da kima, yana baƙin hayaƙi, kuma ba a mayar da shi yadda yake.

A yawancin tsofaffin Briggs & Stratton, notin da ke riƙe kofin shi ne jet ɗin kansa. Yana da huji a gefe da wani ɗan mitsitsi kusa da zaren, wanda ido ke saurin tsallakewa. Sababbinsu masu kafiretar roba kuma wani farin abu ne na roba a ciki da ake zarowa a wanke.

Sau da yawa wannan ya isa inji ya tashi. In ya tashi amma yana hawa yana sauka, sai an kai ga ƙaramin jet. A GX baƙar roba ce da ke saman kafireta, kan sukurun da ke tsayar da totur ya danne ta. Ƙirga zagaye nawa ka juya sukurun kafin ya fita, ka rubuta, sannan ka ɓanɓaro jet ɗin a hankali. Ramin da ke ƙasansa ya fi kowanne ƙanƙanta, shi ke fara toshewa, kuma shi ne kanikawa masu gaggawa ke mantawa. Huda shi da silin tagulla, duba zoben robarsa, mayar, ka juya sukurun adadin da ka rubuta.

In kana so ka yi aikin gaba ɗaya, cire kafiretar. Noti biyu masu lamba 10 ke riƙe da gidan filtar iska da ita kanta. Matse tiyon fetur ka zare. A sama akwai sandar gwamna, na'urar da ke daidaita gudun inji, da siririn sifirin da ke tare da ita. Ɗauki hoto, ja kafiretar baya kaɗan, juya totur har sandar ta fita ba tare da ka lanƙwasa ta ba. Zare ƙusar da ke riƙe fulot, abin da ke iyo a kan fetur cikin kofin, ka ciro shi tare da allurarsa. Girgiza fulot ɗin kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Dubi bakin allurar: in ya yi zobe ko ya taurare, ita ce ke zubar da fetur cikin baƙin mai, canza ta. Goge mazauninta da auduga a tsinke. Fesa kowace hanya har ka ga feshin ya fito ta wani gefen, ka kare idonka domin yakan dawo fuska. Robobi kuma ka ware su gefe, maganin na kumbura su.

Wajen mayarwa kula da gaskit. Kowanne na da ɗan huji da dole ya dace da na jikin kafireta, in ka juya shi baibai inji zai yi ta hawa da sauka kamar ba a wanke komai ba. Wanda ya yage a canza shi, domin iskar da ke satar shiga ta nan daidai take da toshewar jet.

In ƙarfen ciki ya ciwu ya yi ramuka, kada ka ɓata yininka. Kafiretar irin wannan inji tana samuwa a duk inda ake sayar da kayan janareta da injin ban ruwa. Sai dai ka tafi da tsohuwar, don hannun cok da makullin fetur ba duka suke zuwa iri ɗaya ba.

Mataki na 7: ya tashi, amma…

Farin hayaƙi ko shuɗi na 'yan mintuna ba abin damuwa ba ne in ka zuba mai a silinda ko an karkata na'urar. Zai ƙone ya wuce.

In ba ya aiki sai cok na rufe ko rabi, har yanzu jet bai buɗe sosai ba. In ya yi minti biyar ko goma ya mutu, ya huta ya sake tashi, sassauta murfin tanki ka gwada; in ya daina mutuwa, hujin numfashin murfin ne ya toshe. Baƙin hayaƙi da warin fetur kuwa, ko filtar iska ta toshe, ko cok bai buɗe duka ba, ko allura ba ta rufewa.

Sauran alamu biyun su ne ke rikita mutane. Inji ya mutu da zarar ka danne bindiga: ko fetur bai ishe shi ɗaukar nauyi ba, ko kan feshi ya toshe har matsin ya fi ƙarfinsa. Cire kan feshin ka danne. In bai mutu ba, kashe injin, huda kan da 'yar wayar da ke zuwa da shi, ka wanke shi ta baya. Inji ya mutu da zarar ka saki bindiga: wannan ba ruwan kafireta. Bawul ɗin da ke juyar da ruwa cikin famfo idan an saki bindiga ne ya maƙale.

Mataki na 8: famfo

Wannan bawul shi ne mai sifirin mai kauri, ko murfin murɗawa, a kan famfon. Kashe inji, rufe ruwa, danne bindiga matsi ya fita. Yi alama ko ka ƙirga zaren da ke waje don ka mayar da shi inda yake. Kwance, ciro sandar, wanke farin gishirin da ruwa ya bari da ruwan binega, canza zoben roba in ya yage, shafa girish na silikon, ka mayar. Kada ka ƙara ɗaure shi da nufin ƙara ƙarfin ruwa. Abin da za ka samu shi ne fashewar tiyo ko mutuwar famfo.

In inji na gudu lafiya amma ruwa ba ƙarfi, fara da abu mai sauƙi. Baƙin kan feshi na sabulu ne, ba ya ba da matsi. Ja ne mai tsinin ruwa, rawaya faɗin feshinsa digiri 15, kore 25, fari 40. Yi gwajinka da kore. Sannan rariyar shigar ruwa, wadda yashin rijiyar burtsatse ke saurin cikawa, da tiyon da ya naɗe, da iskar da ke shiga ta mahaɗa. In ruwan na zuwa yana yankewa, ƙananan bawul ɗin cikin kan famfo ne suka manne saboda zama. Suna ƙarƙashin manyan notunan kan famfon, ana ciro su a jiƙa a wanke.

Sai ɓarnar ƙanƙara. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ɗan abin da ya rage a cikin famfo ya isa ya tsaga kansa, na alminiyom ne ko na tagulla. Tsagar takan yi siririn da ba a gani sai matsi ya hau, ruwa ya fara tsartuwa. Walda ko gam ba sa riƙe matsin ruwan da ya haura 150 a ma'aunin bar. Sai dai sabon kai ko sabon famfo, kuma a ƙananan injinan gida sayen famfon gaba ɗaya ya fi sauƙi. Ka auna kaurin sandar injin kafin ka saya, yawanci milimita 19 ce, ka kuma lura a kwance take ko a tsaye. Mai sayen na hannu daga waje, kada ya biya kuɗi sai an haɗa ruwa an tayar a gabansa.

Famfon da ke da tagar duba mai, in man ya yi fari-fari ruwa ya shiga, robobin ciki sun tafi. Man da ake zuba masa na famfo ne, ko SAE 30 marar sinadarin wanki. Ƙananan famfuna da yawa kuma a rufe suke, ba a canza musu mai.

In ka bar inji na gudu ba ka feshi, ruwan da ke zagaye a ciki yana zafi, har wani ɗan bawul ya buɗe ya zubar da ruwan zafi ƙasa. Ba lalacewa ba ce, kariya ce. Amma kada ka bar shi haka fiye da minti biyu. Kuma kada ka taɓa tare yoyo da yatsa ko ka gwada ƙarfin ruwa a tafin hannu. Ruwan na huda fata ya shiga nama, raunin ya yi kamar ba komai daga waje alhali na asibiti ne a ranar.

Ajiya ta gaba

In na'urar za ta zauna fiye da wata guda, hanya biyu ce. Ko ka zuba maganin hana fetur lalacewa irin su STA-BIL a sabon fetur, ka cika tanki, ka bar inji ya yi 'yan mintuna da ruwa a haɗe don maganin ya kai kafireta. Ko ka juye tankin kaf. Kowacce ka zaɓa, rufe makullin fetur, kwance notin tsiyayewa ka zubar da abin da ke kofin kafireta. Wannan aikin na minti ɗaya shi ke hana duk wahalar mataki na 6.

Canza baƙin mai inji na da ɗumi. Cire fulogi, zuba ƙaramin cokali ɗaya na mai a silinda, ja igiya a hankali sau biyu ko uku, mayar da fulogin, sannan ka ja har ka ji tauri ka tsaya a nan. A wannan matsayi bawul duka biyu a rufe suke, danshi ba ya shiga.

Cire duk tiyo, tsiyaye su tare da bindiga, makunni a kashe ka ja igiya sau biyar ko shida ruwan famfo ya fita. Wanda ke zaune inda ake ƙanƙara ya tura maganin kare famfo ta bakin shigar ruwa har ya ga ya fito ta ɗaya bakin, ko ya yi amfani da ruwan hana daskarewa mai launin hoda da ake sa wa bututun motocin da ake kwana cikinsu kamar gida. Na lagireton mota guba ne ga yara da dabbobi, a bar shi. Mu da ƙurar hunturu ce damuwarmu, a lulluɓe na'urar da yadi ko buhu maimakon leda mai tara gumi, a cusa tsumma a bakin salansa saboda zanzaro, a bar jelarsa a waje yadda za a gan shi a cire kafin a tayar.